Kafin Ka Zana Surukarka, Fara da Albasa

Duk wanda ya sayi fenti da burushi yau, gobe fuskar mutum yake so ya zana. Ɗan'uwa, dakata. Fuska tana da dangi. Ka ɗan karkatar da hancin surukarka, sai an kai ga zaman sulhu. Albasa kuwa ba ta motsi, ba ta tambayar ko an kusa gamawa, in zanen ya ƙi ma a jefa ta a miya.

Kada ka zuba kuɗi a kan kala ashirin. Ja, shuɗi, rawaya da fari sun ishe ka. Shuɗi da rawaya su ba ka kore, ja da rawaya ruwan lemo, ja da shuɗi shunayya. In ka cakuɗa ukun, abin da zai fito kamar taɓon damina ne. Kada ka zubar, da shi ake yin inuwa.

Ajiye albasar a bakin taga, haske ya bugo ta daga gefe guda. Zuba mata ido sosai kafin hannunka ya kai ga burushi, ko da mutanen gida za su fara tambayar ko lafiya. Za ka ga ashe ba ja ba ce zalla: akwai shunayya a ɓawon, da ɗigon fari inda haske ya sauka, da siraran jijiyoyi daga gindi har tsiro. Inuwarta ma ba baƙa ba ce, jan albasar ya ɗan zuba a ciki. Yanzu kanne idanu kaɗan. Ƙananan abubuwa za su ɓace, saura wuri uku: mai haske, matsakaici, mai duhu. Su za ka fara shafawa. In fentin ruwa ne, soma da mai haske, ka bari ya bushe tukuna. Gaggawa ce ke mayar da albasa dankali.

Don Allah ka nisanta kofin shayi da kofin wanke burushi.

Gobe ka sake zana ta da hantsi, jibi da la'asar. Claude Monet na Faransa ya zana tarin damman hatsi har sau 25 tsakanin 1890 da 1891, kuma ba don ya rasa abin zanawa ba. Haske yake bi, shi ne malamin.

Daga nan ka wuce ga buta, da tulu, da dagin Arewa don hannu ya saba da lanƙwasa. Kada kuma in ji kana cewa ka tsufa, Vincent van Gogh yana da shekara 27 ya kama zane gadan-gadan.

Kowace takarda ka gama, rubuta kwanan wata a bayanta ka adana, har wadda ƙaninka ya rantse cewa kaza ce. Bayan wata uku ka jera su a tabarma ka gani da idonka. Ni dai roƙona, kada ka yaga ko ɗaya.