Mutanen Benci: Masu Ɗagawa da Masu Tsayawa a Kai

Da an sallame La'asar rana ta yi sanyi, sai ƙarar ƙarfe ta fara tashi daga bayan gidaje a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru cikin Gusau. Tsafe da Bungudu ma ba a bar su a baya ba. Wani wurin kayan ɗaga ƙarfen duk haɗin gida ne: kafinta ya buga benci, mai walda ya kafa ma'ajiyar sanda, an cika gwangwanayen fenti biyu da kankare an soka bututu a tsakani. Sandar gasa kilo 20 ce cif, amma nauyin ta kankare sai abin da mai ita ya faɗa, kuma ba ya sauka ƙasa da ɗari. Duk wanda ya kwanta a bencin nan, halinsa ke riga ƙarfinsa fitowa.

Ƙara-Mini

Ɗumama jiki a wajensa aikin yara ne. Daga kan babur sai benci. "Kai yaro, ƙara faifai! Wanga ai abin wasa na." Ya sauke sanda rabin hanya, ya mayar da ƙyar idanu a waje, ya miƙe yana duban jama'a ko akwai mai magana. Ka ba shi labarin Yakubu Adesokan, ɗan Najeriyar da ya ci zinare a gasar Olamfik ta masu buƙata ta musamman a Landan a 2012, wanda jikinsa bai wuce kilo 48 ba amma ya ɗaga 180 a kwance. Zai taɓe baki ya ce ƙarfen Turawa ba shi da nauyi.

Mai Fiffike

Wannan yana ware gwiwoyin hannu har su yi daidai da kafaɗu, kamar kazar da aka banƙare za a gasa, ya sauke sanda dab da wuya, wai ƙirji ya fi buɗewa. Bai san kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jiki sakewa ba. Kan ƙashin damtse a ɗan gurbi marar zurfi yake zaune, ƙananan tsokoki huɗu ne ke riƙe da shi. Idan aka ware hannu haka da nauyi a sama, jijiyoyinsu ne ke shan matsa, yau kaɗan gobe kaɗan. Gyaran ba wuya: a matse allunan kafaɗa baya a danna su kan benci, a kafa ƙafafu a ƙasa, a karkato da gwiwar hannu wajen haƙarƙari, sanda ta sauka a ƙasan ƙirji. Amma wa zai gaya masa? Tun daga ƙofa ake gane shi da warin man zafi. Ranar Juma'a sai an taya shi sa babbar riga, ya ce sanyi ne ya kama shi, ko da cikin zafin bazara ne. Daga nan sai gidan mai ɗori, alhali ƙashi lafiyarsa lau. Ciwon da ya yi makonni yana hana barci ko ɗaga hannu, asibiti ne wurinsa.

Makaɗin Ƙirji

Shi sakin sandar yake yi ta faɗo, ta doki ƙirji ta yi tsalle, ya tare ta a hanya ya ce ya ɗaga. Ƙugu ya bar benci, ƙafafu na harbin iska. A gasa alƙalai ba sa ƙirga irin wannan: dole sanda ta tsaya cik a ƙirji kafin a tura ta. Da wannan ƙa'idar Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a Faris a 2024 ta dawo da zinare. Kada ka gaya masa mace ce, sai ya yi mako bai yi maka magana ba.

Mai Rowar Yatsa

Allah ya ba shi babban yatsa, ya ƙi naɗe sanda da shi. Ya ɗora ta a tafin hannu, yatsu biyar duk a gefe guda, wai haka ya gani a TikTok. Zufa kaɗan ta isa sanda ta sulluɓe, kuma ba ta da masauki sai haƙora ko maƙogwaro. Ko mai tsaron da ya fi kowa zafin nama ba ya cafke sandar da ta suɓuce.

Su ma masu tsayawa a kan mai ɗagawa don su cece shi, iri-iri ne.

Mai Waya

Ka ce, "Abokina, tsaya mini." Ya ce, "Ba damuwa." Ya tsaya da gangar jiki, hankali na WhatsApp. Sanda ta danne ka, kana kiransa da idanu don murya ta tafi, shi yana dariyar wani bidiyo. Bayan wasu sun cece ka ya ɗago kai: "Au, har ka gama?"

Mai Alheri

Tun daga ɗagawar farko hannunsa na kan sanda. Shi ke jan rabin nauyin, jijiyar wuya a miƙe, yana rantsuwa: "Kai kaɗai ne, Oga! Wallahi ban taɓa ba!" Wata uku kana alfahari da ƙarfin wani. Ranar da ya tafi cin kasuwar Tsafe, ranar za ka san matsayinka.

Maroƙi

Wannan ya taso a gidan dambe, bai san an canja wasa ba. Kirari yake yi maka, zufarsa na ɗiga a goshinka. Hannunka na rawa, sanda ta fara komawa ƙasa, shi yana ihu: "Saura ɗaya! Namiji ba ya gazawa!" Namiji kuwa na gazawa, kuma don wannan lokacin aka tsayar da shi.

Gwauron Benci

Ba ya son a ga iyakarsa, don haka sai bayan Isha'i yake ɗagawa shi kaɗai a zaure. Mai sanda da faifai, in bai ɗaure bakin ba, zai iya karkata ta faya-fayan su zube ya tsira. Ta kankare kuwa a manne take, ba inda za ta. Maƙwabta sun san muryarsa: ƙaton da ke hana yara wucewa da rana, shi ne ke kiran "Inna! Inna!" da dare. Wanda ba shi da mai tsaro, ko dai ya sa mai walda ya kafa masa turakun tare sanda a gefe biyu na benci, ko ya rage nauyi ya tsaya tun da sauran ƙarfi.

Baba Sannu-Sannu

Kusan kowane wuri akwai shi, furfura ta fara. Yakan fara da sanda zalla, ya ƙara kaɗan-kaɗan. In ya tura nauyi yau, sai ya yi atisayen ja don bayansa ma ya samu rabonsa. Kafin ya kwanta sai an yi yarjejeniya: "Ɗana, takwas zan yi. Taya ni cire ta. Kada ka taɓa sai ta tsaya ko ta juya ƙasa. In na ce ɗauka, ɗauka da hannu biyu, ni ma ina turawa har ta zauna." In shi ne mai tsaro, waya na aljihu, ƙafafu a ware bayan kan mai ɗagawa, hannaye kusa da sanda, baki a rufe.

Samari na yi masa dariya, wai ƙarfen mata yake ɗagawa. Shi dai gobe ma zai zo. Masu dariyar bara kuwa da yawansu sun koma kan dakali, hannu dafe da kafaɗa, suna ba yara labarin nauyin da suka taɓa ɗagawa, kuma duk shekara sai nauyin ya ƙaru da kilo ashirin.