Ranar da Na Yi Rantsuwar Zane Abba a Dagona

Laifina ne tun ranar suna. Da aka tambaye ni sunan da za a raɗa wa yaron, na ce na mahaifina, ina jin kaina ɗan halak. Aka shafa fatiha, aka raba goro, kowa yana sa min albarka. Ba wanda ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka san kuwa uba na biyu ka samo wa kanka?" Tunda sunan ba ya kiruwa a cikin gida, sai muka koma ce masa Abba. Yanzu shekararsa biyu da rabi, kuma a gidanmu na Katuzu akwai doka: ba alewa kafin abinci, ba taɓa wayata, ba zuwa kusa da randa.

Dokar ta yi aiki har ranar da Baba da Inna suka sauka daga Nguru, za su yi mana kwana huɗu. Inna ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ina angon nawa?" Ta kwance bakin jaka: dabino, aya, alewar madara, ƙuli-ƙuli. Kafin la'asar Abba ya cika kumatu biyu, ya tsoma takalmin uwarsa a randa, wayata kuma tana hannunsa yana lasa. Uwar ba bakin magana, kunyar surukai ta kulle ta a madafa. Ni ne na yi ta maza na ce, "Abba, ajiye wannan!"

Daga kan tabarma Baba ya ɗago, carbi a hannu. "Me zan ajiye?"

Na ce ba da shi nake ba. Ya ce, "To ka riƙa sassauta murya in kana magana da manya."

A rana ta uku na kawo shawarar mu je Dagona kallon tsuntsaye, don lokacin hunturu ne, baƙin Turai sun sauka. Na aro motar wani abokina, wanda ya miƙo min makulli kamar mai aurar da 'yarsa ta fari. Da yake koyarwa ce sana'ata, muna hawa hanya na buɗe aji. Na yi musu bayanin dausayin Haɗeja da Nguru, yadda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala cikin fadamu kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ke wucewa ta Gashuwa. Na ce akwai tsuntsayen da ke guje wa sanyin Turai, su ƙetare Sahara su zo nan. Na ƙara da cewa har Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokacin, ya zo Dagona a 1989.

Baba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin jirgin ƙasa, ya gyara zaman hularsa zanna bukar ya ce, "Jirgi ya iso Nguru daga Kano tun 1930, ba fiffike ko ɗaya, ga lodin gyaɗa in zai koma. Ba ka taɓa aro mota ka kai ni kallonsa ba."

Ban sake cewa uffan ba har muka isa.

Wurin kam ya yi kyau, gaskiya. Ga dinya, ga kirinjijiya sun rufe ruwa, ga wani zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Abba ya nuna su duka ya ce, "Kaza!" Na durƙusa na ce a'a, wannan dinya ce. Inna ta ce, "In maigidana ya ce kaza ce, kaza ce." Daga nan bai sake duban ruwan ba, domin ya hango jaki. Mun ƙona mai mun sha ƙura don mu kalli jakin da ba shi da maraba da wanda ke kwana a bayan katangarmu.

Da yake ɗan fari ne, ba na ɗaukarsa a gaban iyayena, don haka yana kan kafaɗar Baba. Ban san me hular nan ta yi masa ba. Na dai ga ta tashi sama, iskar hunturu ta karɓe ta, ta kai ta can gindin kacalla ta ajiye a kan ruwa. Raina ya ɓaci, baki ya riga hankali: "Abba! Wallahi yau sai na zane ka!"

Baba ya sauke yaron a hankali, ya tsaya a gabana kai ba hula, furfura a waje, ya harɗe hannu. "To bismillah. Ga ni."

Wani dattijo masunci da ke gyaran koma a gefe, wanda wannan kaɗai ya ji kuma ya gani, ya yar da komar ya taso. "Subhanallahi! Yaro, mahaifinka ne fa!" Na fara bayani, ya ɗaga min hannu. Ya yi min wa'azin haƙƙin iyaye tun daga ɗaukar ciki har zuwa yaye, Baba yana gyaɗa kai yana cewa, "Faɗa masa dai, Malam." Inna ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

Don in wanke kaina na tattare wando na shiga ruwa. Sanyinsa ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Taku na huɗu laka ta kama takalmina na dama, muka yi ja-in-ja, ta yi nasara. Na fito da hula tana ɗiga, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da taɓo har gwiwa. Na laluba aljihu in ɗauko makulli mu bar wurin nan. Babu.

Mun fi awa ɗaya muna nema. Na tona yashi, na zazzage jakar Inna, na sake komawa cikin lakar da ta ci min takalmi. Na tambayi Abba cikin ladabi, tunda yanzu na koyi darasi, ya nuna jaki. Sai da Baba ya ɗauki buta zai yi alwalar la'asar muka ji ƙaras-ƙaras a cikinta. Ya zazzago makullin a tafin hannunsa, ya dubi takwaransa ya ce, "Ka ga mai hankali, ya adana mana."

Da za su koma Nguru, Baba ya kifa wa Abba hular ya ce ta zama tasa. Tana rufe shi har hanci. Kullum da yamma sai ya sa ta ya zauna daidai inda Baba yake zama, in na ce ya ajiye wayata ya ɗago ya ce, "Me?"

Makon jiya na shiga kasuwar Gashuwa sayen bandar tarwaɗa, sai ga dattijon nan a bayan faifai. Ya ƙare min kallo, ya ce, "Ya tsohon? Ka dai daina ko?" Na ce na daina. Ko sisi bai rage min ba.