Shigar Burtu a Bakin Mozage

Bashi ne ya kawo mini kyamara. Wani abokina mai safarar kaya tsakanin Ƙonni da Sakkwato ya riƙe mini jika tamanin har wata bakwai, da na ishe shi da sallama sai ya miƙo mini ita cikin jakarta, ya ce in riƙe kafin Allah ya hore. Ni malamin lakwal ne, iyakar sanina da hoto in jera yara gaban allo in ce kowa ya buɗe ido. Amma kwana uku na yi ina kallon bidiyon Turawan nan masu kwanciya cikin ciyawa suna ɗaukar zaki, a na huɗu na shaida wa maiɗakina cewa lokaci ya yi da duniya za ta ga kyan ƙasar Ƙonni da Adar. Ta ce, "Allah shi taimaka, Mushe. In ka biya Galmi ka taho muna da albasa."

Raƙuman dawa na fara sa wa rai. Su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma: a 1996 guda 49 suka rage a dajin Kure, yau sun haura 600, har an ɗebi takwas an kai Gadabeji a 2018. Sai dai Kure tana can gab da Yamai, Gadabeji tana arewa da Dakoro, aljihuna kuwa ko Dogon Dutsi bai kai ba. Na sauko kan abin da muke da shi, wato duwatsu da furanni da tsuntsaye. Na ɗauki ƙanen matata, ɗan kabu-kabu, bisa sharaɗin mai nawa, abinci nawa, shi kuma ya kama bakinsa. Biyun farko kaɗai aka cika.

Da asubar wata Asabar cikin Fabrairu muka kama kwalta muka yi gabas, muka wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, muka hau wani tudu mai jajayen duwatsu kusa da Malbaza. Daga nan ya kamata a hango kwari, da gawo mai ganye da rani, da masana'antar siminti da ke tsaye tun shekarun 1960. Ashe hazo ya sauka cikin dare. Hoto arba'in na ɗauka. Yaron ya leƙa ya ce, "Yaya, wanga ai bangon ɗakinku ne da anka shafa ma farar ƙasa."

A Galmi na nemi fure. Albasar da muke ci ba a barin ta ta yi fure. Masu neman iri ne ke zaɓar 'ya'ya masu kyau su sake binnewa, sai kowacce ta fid da kara mai farin kai kamar curin fura. Gona guda ta irin wannan, in iska ta kaɗa ta, abin kallo ce, kuma daga waɗannan kawunan ake samun irin jar albasar da ake rububinta har Abijan da Akara. Na durƙusa ke nan sai ga mai gonar, dattijo, ya ga kyamara ya ga farar riga, ya yanke hukuncin cewa ni mutumin furoje ne. Ya zaunar da ni ya fara: tsadar taki, tsadar man injin ban ruwa, yadda albasa ke ruɓewa cikin rudu, yadda buhu ke faɗuwa warwas ranar da kowa ya cire tasa. Da ya numfasa na ce, "Baba, ni furen kawai na zo ɗauka."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Huren? Ba albasar ba?"

Abin da bidiyon Turawa bai faɗa mini ba shi ne furen albasa yana da ma'aikata. Ƙudan zuma ne ke yi masa barbara, kuma ba sa son a sa musu gilashi a wurin aiki. Ɗaya ta zaɓi fatar idona na dama, wanda nake leƙen kyamara da shi. Dattijon ya yanka albasa ya goga mini, idon da ya kumbura ya samu dalilin hawaye na biyu. Na koma gida da ido ɗaya, babu hoton kirki, babu kuma albasar da aka aike ni.

Da kumburi ya saɓe na juya ga tsuntsaye. Na so tabkin Ɗan Dutsi, can bayan Illela, wanda aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2005 saboda tsuntsayensa, amma direbana ya lissafa mai ya ce sai dai in sayar da kyamarar. Muka tsaya kan barajin Mozage, a kwarin Majiya, wanda ruwansa ke gangarawa Zango, ya bi kanal zuwa Cerasa, ya shayar da gonakin rani na Ƙonni. Tsuntsu kam ga shi nan: balbela, zalɓe tsaye kamar mai jiran bashi, kirinjijiya tana fito, da agwagin da ke tsallako Sahara daga Turai su ci sanyi a wurinmu. Don in nuna na san abin da nake yi na tambayi wani masunci inda shamuwa take. Ya ce in dawo in hadari ya fara haɗuwa, yanzu tana can kudu.

Matsalar a bakin kyamarar take. An rubuta masa 18 zuwa 55, masu sana'ar kuwa da 400 ko 600 suke jawo tsuntsu daga nesa. Ni sai na matso kamar taki goma, su kuma ina kai taki ɗari suke tashi. Abin da ya fi ci mini rai, ga wata mata tana wanki balbela na taka mata zane, ga ɗan Fulani da shanunsa a tsakiyarsu, ga masuncin nan zalɓe na leƙa masa kwando. Duk mai aikin yi sun san shi. Ni da na zo da niyyar ɗaukaka su, ni ne abin gudu.

Masuncin ne ya haɗa ni da wani tsohon maharbi a ƙauyen da ke kusa. Ya shiga ɗaki ya fito da burtu. Duk mun san shigar burtu a magana, amma ranar na fara riƙe shi a hannu: dogon wuya na icce an naɗe da baƙar fata, baki kamar lauje, an manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, da igiyar da ake ɗaurewa a goshi. Da shi maharba ke lallaɓar namun daji, don dabba ba ta tsoron burtu. Jika biyu ya ce haya, ya haɗa mini da baƙin bargo da darasi.

"Ɗana, burtu ba shi sauri. Taki ukku, ka duƙa kamar kana tsintar hwara, ka ɗaga kai ka dubi hagu. In ka yi gaggawa sun gane ka."

Na ɗaura, na lulluɓa, na sunkuya. Mai tumbi bai kamata ya yi wannan aiki ba, kuma busasshiyar ciyawar bakin ruwa duk ƙarangiya ce. Amma wallahi abin ya ci. Taki hamsin, ba wanda ya motsa. Talatin. Wata kirinjijiya ta dube ni ta ci gaba da gyaran fiffike. Har na fara jin daɗin tsintar farar, ina ƙara mata salo. A taki goma sha biyar na zaro kyamara daga ƙarƙashin bargo, na kai ido, sai ga baƙin abu ya raba hoton biyu. Bakina ne. In na ɗaga kai ya kauce, sai in ga sama. In na sauke, ya dawo. Ina cikin wannan ciniki na manta da cewa akwai lambu a bayana, kuma kowane lambu yana da yaron da aka ajiye don korar tsuntsaye.

Yaron gwani ne. Hogen da ya sako daga majajjawa ya same ni daidai inda nake zama. Na miƙe tsaye na kurma "Wayyo Allah!" Shi kuma da ya ga burtu ya tashi da ƙafa biyu yana salati da Hausa, ya zubar da majajjawar ya zura yana ihun aljani. Karnukan Fulani suka amsa. Gabana ruwa, bayana karnuka, na zaɓi ruwa, laka ta karɓe ni har gwiwa, sannan har ƙirji.

A daidai lokacin duk bakin ruwan ya tashi sama. Farare da baƙaƙe da masu ruwan ƙasa, fiffike na kaɗawa kamar ana sheƙar hatsi, rana ta faɗuwa tana haska cikinsu. Ban taɓa ganin abu mai kyan wannan ba. Na gan shi da kyau kuwa, don kyamarar tana ƙarƙashina.

Bakin burtun ya karye, tsoho ya ce jika biyar, ya ƙara da cewa a iya shekarunsa bai taɓa ganin an harbi maharbi da hoge ba. Ƙanen matata, wanda na bari yana gadin moto, ashe tun daga tsintar fara yake ɗauka da salularsa. Tsuntsayen sun fito tsaf a bidiyonsa, ni ma haka. Kafin mu iso Ƙonni ya riga mu isa ta WhatsApp.

Ranar Litinin na tarar an zana burtu a allo, da tabarau irin nawa. Da yamma na kai wa abokina kyamararsa in karɓi kuɗina. Ya juya ta, laka ta zubo daga gidan batir, ya ce shi ma ya ga bidiyon, kuma kyamarar da ta sha ruwan Mozage ta zama tawa, bashi ya biya.