Kada Ka Yi Tari a Coci

Duk magidancin da ke son hutun ƙarshen mako a Wusasa ko Jos, to ya kiyayi tari a cikin sujada. Tari ɗaya ya isa. Kafin a gama karɓar baiko, wata uwa a layin baya ta raɗa wa maƙwabciyarta cewa Baban yara ba lafiya. Lokacin sanarwa kuwa, sai ka ji sunanka cikin masu buƙatar addu'a, tsakanin wanda ke kwance a asibiti da matar da ta haihu jiya.

Da la'asar zumuntar mata za su iso cikin ankonsu, da tulun kiɗa da kacau-kacau. Wannan ta kawo kunun gyaɗa, waccan faten acca, wata kuma citta da kanumfari ƙulle a leda. "Sannu Baba, yaya jiki?" Ka ce da sauƙi, a ce Allah ya ƙara sauƙi, a jawo waƙa ta uku. Yara na murna, domin abincin mara lafiya a cikinsu yake ƙarewa. Uwargida kuwa tana yawon aron kujeru.

Amma ranar da ciwon gaske ya zo, ko kuɗin makaranta ya gagara, mutanen nan ne za su yi karo-karo tun ba ka buɗe baki ba. Don haka sha kununka, ka mayar da kwanuka a wanke. Lahadi mai zuwa wani zai yi atishawa, kai ma ka tanadi cittarka.