Makaɗan Jita a Agadez: Mai Suna da Mai Sha'awa

Makaɗan jita a Agadez iri biyu ne, mai suna da mai sha'awa. Jitar duk ɗaya ce, tsirkiya shida, kuma shayin da suke sha kafin wasa ɗaya ne. Bambancin yana wajen masu sauraro. Na mai suna kuɗi suke biya su ji, na mai sha'awa kuwa haƙƙin maƙwabtaka ne ya ɗaure su.

Asalinsu ɗaya. Kiɗan jitar Abzinawa, wanda ake kira assouf, ya yaɗu ne ta kaset daga hannu zuwa hannu, har hukuma ta hana shi a zamanin tawayen shekarun 1990. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 ya fito fili, ya zama kiɗan biki. Tun daga nan duk saurayin da ya rataya jita sai ya fara takun wanda jirgi ke jira.

Masu suna na gaske kaɗan ne, an kuma san su. Omara Moctar, wato Bombino, ya yi wasa a gindin hasumiyar Babban Masallaci a 2010, ya naɗi faifansa Nomad a Amurka ya fito a 2013, sannan da faifan Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy. Mdou Moctar kuwa waƙoƙinsa sun riga shi tafiya, suna yawo cikin katin wayoyin salula kafin Turawa su san fuskarsa. Ƙungiyar Etran de l'Aïr, wadda 'yan uwa suka kafa a 1995, ta shafe shekaru tana zagayen gidajen biki kafin ta ga Turai.

Aikin mai suna yana da ƙa'idoji. Ba ya kiɗa sai an sa rana, ba ya magana sai manaja ya yarda. Dole ya maimaita waƙar da jama'a suka sani, ko da ta ishe shi tun bara waccan. Dole ya naɗa rawani ko ana zuba dusar ƙanƙara, domin Bature ya biya kuɗin ganin Sahara, ba zai yarda da ragi ba. 'Yan jarida kuma tambayarsu guda ce a kowace ƙasa: ina raƙuminsa? Da ya dawo gida sai ya tarar dangi sun ƙaru, kowa ya zo da lissafin tsarabarsa.

Mai sha'awa ba ya ƙarƙashin kowa. Dandalinsa tabarmar fada, masu sauraronsa abokai huɗu da mai hura gawayi. Waƙa uku ya iya, ta ukun ma rabi ce. Gyaran tsirkiya yakan ci masa shayi na farko da na biyu, kafin a zuba na uku rabin jama'a sun tafi sallah. Lokacin aikinsa shi ne sa'ar da maƙwabta suka kwanta. Idan aka ce ya yi kuskure sai ya ce salo ne. Idan aka yi dariyar jitarsa mai ɗauri da roba, sai ya tuna wa jama'a cewa Mdou Moctar ma da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko. Wannan hujja ta hana iyaye da yawa barci, ta kuma bar kekuna da yawa babu birki.

Tsakanin biyun akwai wani jinsi, mai neman suna. Shi ne ya fi kowa wahala. Ya sayi baƙin tabarau kafin ya iya riƙe jita, ya naɗa ƙanensa manaja, ya yi fasfo ya ajiye a ƙarƙashin matashi. Duk baƙon da ya gani da abin ɗaukar hoto a tsohon gari, sai ya ɗauka mai kamfanin faifai ne. Shekara da shekaru yana gaya wa 'yan fada cewa biza ce kawai ta rage.

Gidan biki ne mahaɗarsu duka. A nan mai suna ke samun liƙi, mai neman suna ke samun hoto kusa da shi, mai sha'awa kuma a ba shi aron jita na minti biyar lokacin da ake ƙara wa janareto mai. Kowa kuma yana ƙyashin ɗan uwansa. Mai sha'awa na son tafi da jirgi, mai suna na son ranar da zai kaɗa abin da ya ga dama ba wanda ya ɗaga waya yana ɗauka. Maƙwabta dai burinsu guda ne: Allah ya ɗaukaka yaron unguwa, ya yi suna, ya tafi yawon wasa na wata shida.