Yadda Ake Ɗaura Auren Launuka a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa karɓar katin biki ya san giradiyan ko da bai san sunansa ba. Shi ne narkewar da launi ke yi cikin ɗan'uwansa, ja ya sulale ya zama ruwan goro ba a ga inda suka haɗu ba. Tun da Instagram ta sauya tambarinta a 2016 zuwa haɗin shunayya da ruwan hoda da ruwan goro, salon ya dawo da ƙarfinsa, har fostar mai sayar da shawarma sai da ya shiga.

Haɗa launi biyu aure ne, mai zane kuma shi ne waliyyi. A Photoshop harafin G ne ke kira taron. Idan aka buɗe akwatin gyaran giradiyan, za a ga doguwar sanda da ƙananan alamomi a ƙasanta. Ta hagu ango, yana zaune a kan 0, ta dama amarya, tana kan 100. Danna alama sau biyu shi ke ba da damar zaɓa mata launi. Ɗan lu'ulu'un da ke tsakiya, a kan 50, shi ke raba musu gida daidai, kuma ana iya ja shi gefe idan ana so ɗaya ya fi faɗa a ji. Alamomin saman sandar su ke cewa launi ya fito sosai ko ya yi shara-shara.

Waliyyi na gari yakan yi bincike tukuna, domin ba kowane biyu jininsu ke haɗuwa ba. A ɗauki shuɗi tsantsa da rawaya tsantsa. A lissafin allo, shuɗi shi ne 0, 0, 255, rawaya kuma 255, 255, 0. Kwamfuta ba ruwanta da soyayya, tsakiya take nema, sai ta samu 128, 128, 128, wato ruwan toka sak. Mai zane ya sa ran kore shar, sai ga toka kamar an kwashe murhu. Ja da kore su ma ruwan kunu mai duhu suke haifarwa. Maganin abin shi ne mai shiga tsakani: a danna ƙasan sandar, sabuwar alama ta fito, a ba ta kore ko ruwan hoda, rigima ta mutu. Kamfanin Adobe ma ya ga matsalar, shi ya sa a 2021 ya ƙara wa Photoshop sababbin hanyoyin gauraya masu bin yadda ido ke gani.

Sai dai shiga tsakani ba gayya ba ce. Akwai mai zanen da idan hannunsa ya fara dannawa sai ya gayyato launi bakwai kan kati guda, har sunan ango ya ɓace cikin hayaniya. Uku sun isa zaman lafiya. Wanda ya zo ba gayyata, a ja alamarsa ƙasa, nan take zai bar taron.

Yanzu ga inda hawaye ke zuba. Hajiya ta zo shago, an shafe awa guda ana «ƙara ja kaɗan, a'a, rage», har aka dace da launin ankon bikin 'yarta. Bayan wata goma ta dawo za a yi katin suna, ta ce irin wancan take so, kada a sauya ko ɗigo. Mai zane ya buɗe kwamfuta ya tarar wayam. Auren da ba shaidu ke nan. A Photoshop sai an raɗa wa giradiyan suna, an danna maɓallin ƙirƙirar sabo, sannan yake shiga sahun 'yan'uwansa. Ko a nan da sauran rina a kaba, domin manhajar ba ta rubuta sababbin a ma'ajiyarta sai an rufe ta lafiya. Idan aka ɗauke wuta kafin nan, sun tafi. Takardar shaida ta gaske ita ce fitar da su a fayil mai ƙarshen .grd, wanda ake ɗorawa a filas a kai wata kwamfutar. Sunan ma ya zama mai ma'ana, kamar «ankon Hajiya ja da goro», a daina «sabo», «sabo na ƙarshe», «na ƙarshen ƙarshe».

Masu GIMP, manhajar kyauta, nasu fayil ɗin .ggr ne, kuma giradiyan ɗin da suka zo da ita ba sa gyaruwa sai an kwafi ɗaya an yi aiki a kan kwafin. Masu CorelDRAW, wadda shagunan ɗab'i suka fi sabawa da ita, F11 ke buɗe musu akwatin.

Saura kai amarya, wato injin bugawa. Allo da haske yake aiki, RGB, inji kuma da tawada huɗu, CMYK, don haka shuɗin da ke walƙiya a allo yakan iso takarda a gajiye. Ga kuma layi-layi: hoto mai bit 8 matakai 256 kawai yake da su daga baƙi zuwa fari, idan aka shimfiɗa su a faɗin fiksel 2,560 kowane mataki ya ci fiksel 10, bana ta fito da zane kamar tabarma. Aiki da bit 16 ko yayyafa ɗan tsaki-tsaki a kan launin yana gyara wannan. A buga gwaji ƙarami kafin a saki babba, sannan duk mai zanen da ke karanta wannan ya fitar da fayilolinsa na .grd yau, tun wuta na nan.