Ire-iren Ma'aurata a Tsibirin Zanzibar

Duk wanda Allah Ya nufa da shiga jirgin ruwan da ke tashi daga Darussalam zuwa Unguja, babban tsibirin Zanzibar, in dai mai nazarin ɗabi'un bayin Allah ne, to, sa'o'i biyun nan da zai yi a kan teku sun ishe shi ya rarrabe ma'auratan da suka fito shaƙatawa jinsi-jinsi, domin igiyar ruwa ba ta barin kowa ya ɓoye halinsa.

Akwai Mai-lissafi, wanda ba ya shan ruwan kwakwa sai ya mai da sulen Tanzaniya dala, ya mai da dala naira, sa'an nan ƙishirwa ta gushe masa. Akwai Amarya-mai-hoto, wadda ta mai da angonta ɗan dako, har ya koma gida bai ga tekun ba sai ta gilashin waya. Akwai kuma Jarumin-tudu, da ya kama ɗaki mai fuskantar teku a Nungwi, alhali ruwa bai taɓa wuce idon sawunsa ba, jaruntakarsa ba ta motsawa sai a Paje, lokacin da ruwa ya janye nesa ya bar yashi fetal, nan ne za ka ji yana ce wa matarsa, "Hajiya, taho mana, tsoron me kike ji?"

Amma wanda na fi jin daɗin sha'aninsa, ko da yake na sha wahalar zama kusa da shi, shi ne Mai-guzuri. Wannan bawan Allah ya baro Kano da akwati biyu, ɗaya na tufafinsu shi da iyali, ɗaya kuwa, wanda ya fi nauyi kuma ya fi samun kulawa, cike da kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kunun tsamiya da kwalbar yaji wadda aka naɗe da tsumma don gudun tsautsayi. Idan magariba ta yi, masu gashi suka jera teburansu a dandalin Forodhani, hayaƙi ya turnuƙe, ga kifi ga ƙaguwa ga jatan lande, ga ruwan rake ana matsewa da citta da lemun tsami, sai ya zo ya tsaya hannuwa a baya, ya duƙa a kan wata halitta mai hannuwa takwas da mutanen wurin ke kira pweza, ya dube ta tsawon lokaci, ya ja tsaki, ya yi ta'awwuzi, sa'an nan ya tayar da mas'ala: shin wannan abu ya halatta? Idan wani mai ƙarambani ya tuna masa cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, kuma mai gashin nan Musulmi ne da ya fito daga jam'in magariba yanzu-yanzu, sai ya ce shi dai barin shubuha ya fi masa. Uwargida kuwa, wadda tun ɗazu miyanta ya tsinke, ta ce a hankali, "Alhaji, ko tsinke ɗaya ne mu ɗanɗana." Ya ce, "Ke dai ba ki da haƙuri, ga dambu can a ɗaki." Washegari a kai shi gonar kayan ƙamshi, a tsinko masa kanumfari ɗanye daga bishiyarsa, a cikin ƙasar da ta shahara da shi tun zamanin Sayyid Sa'id, wanda ya ƙauro da gadon mulkinsa daga Maskat wajen 1840, ya shinshina, ya girgiza kai, ya yanke hukunci cewa na Kasuwar Kurmi ya fi ƙamshi. A daren ƙarshe ne kawai, bayan kilishi ya ƙare, aka hango shi a wani lungu da tsinken pweza, ya juya wa jama'a baya.

Kada in manta da Malam-mai-tarihi, wanda zai tsai da iyalinsa a tsakar rana gaban Baitul Aja'ibi, ya bayyana mata cewa Sarki Barghash ne ya gina shi a 1883, ya zarce da labarin yaƙin da aka yi da Ingila a 1896 wanda bai cika sa'a guda ba, har bayaninsa ya fi yaƙin tsawo, ita kuwa baiwar Allah inuwa kawai take nema. Uwargidana ta ce ta san wani mai irin wannan hali ƙwarai da gaske, amma ta ƙi faɗa mini sunansa.

Duk waɗannan abin dariya ne, kuma ba su cuci kowa ba sai kansu. Wanda ke ɓata mini rai na haƙiƙa shi ne mutumin da ya ɗauka kuɗin tikitinsa sun saye masa tsibirin da mutanen cikinsa. Shi ne zai ɗare bayan kunkurun tsibirin Changuu, irin waɗanda aka kawo kyauta daga Seshel a 1919, dabbar da wataƙila ta girmi kakansa, yana kiran matarsa ta ɗauke shi hoto. Shi ne zai yi ta tsokanar jajayen biran dajin Jozani, waɗanda babu irinsu a duniya sai a Zanzibar. Shi ne zai tarar da mata sunkuye cikin ruwa suna ɗaura ciyawar teku a igiya, sana'ar da suke ci da 'ya'yansu da ita, ya cusa musu kyamara a fuska babu sallama balle neman izini. Da ma a ce Turawa ne kaɗai masu wannan rashin ladabi, da na sami abin fakewa. Amma a harabar cocin Angilikan, wanda aka gina a gurbin kasuwar bayi da aka rufe a 1873, a cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, inda rufi ke neman taɓa kan mutum kuma kowa ya yi tsit, na ji da kunnena ana cewa da Hausa tsantsa, "Hajiya, matsa kusa da sarƙar, ki ɗan yi murmushi."